Daren Cambrai: Andrew Mynarski da abokin da ya kasa fitarwa

A maƙabartar wani ƙauye mai suna Méharicourt, a yankin Somme na arewacin Faransa, akwai kabarin wani saurayi ɗan Kanada, Andrew Charles Mynarski. Shekararsa 27 lokacin da ya rasu, ranar 13 ga Yunin 1944, mako guda cif bayan sojojin ƙawance sun sauka a gaɓar Normandy a yaƙin duniya na biyu. A jikin dutsen kabarin an sassaƙa tambarin Victoria Cross, lambar jarunta mafi daraja da sojan Birtaniya ko na ƙasashen da ke tare da ita zai iya samu.

Abin da ya ja ni ga lamarinsa shi ne, aikin da aka ba shi lambar dominsa bai yi nasara ba. Ya koma cikin wuta don ya fitar da abokinsa, ya kasa, ya ƙone, ya mutu. Abokin da ya bari a maƙale cikin jirgi mai faɗuwa shi ne ya rayu, kuma daga bakinsa duniya ta ji abin da ya faru. Da shi ma ya mutu a daren, da yau Mynarski suna ne kawai a jerin sunayen sojojin saman Kanada fiye da 10,000 da suka mutu.

Ɗan unguwar baƙi

An haife shi ranar 14 ga Oktoban 1916 a Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba. Iyayensa baƙi ne daga Poland, kuma ya tashi a North End, unguwar leburori da 'yan ci-rani daga gabashin Turai. Yana ɗan shekara 16 mahaifinsa ya rasu, sai nauyin gida ya hau kansa. Ya kama aikin yankan fata a wajen wani mai sana'ar tufafin gashi, yana taimaka wa mahaifiyarsa da 'yan'uwansa. Waɗanda suka san shi sun ce mutum ne mai shiru-shiru, mai son aikin hannu, musamman sassaƙar katako.

Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, wanda dattawanmu ke kira yaƙin Hitila, ya fara shiga wata rundunar ƙasa ta garinsu, Royal Winnipeg Rifles, a 1940. A 1941 ya koma sojan sama na Kanada, aka horar da shi a matsayin mai harbi daga cikin jirgi, sannan aka tura shi Ingila. A farkon 1944 ya haɗu da ayarin wani matuƙi mai suna Art de Breyne, aka kai su runduna ta 419, wadda ake yi wa laƙabi da Moose, a sansanin Middleton St George kusa da garin Darlington. Rundunar na ƙarƙashin rukuni na 6, wanda Kanada ce ke riƙe da shi a cikin babbar rundunar jiragen ruwan bama-bamai ta Birtaniya.

Aikin da suka shiga

Sai an san yadda jirgin yake kafin a fahimci abin da ya faru a cikinsa.

Lancaster jirgi ne mai inji huɗu, mutum bakwai ke tafiyar da shi: matuƙi, injiniya, mai duba hanya, mai saita bam, mai kula da rediyo, da masu harbi biyu. Biyar na farko suna gaba, kusa da juna. Masu harbin kuwa suna can baya su kaɗai, ɗaya a ɗakin harbi na saman jirgi, ɗaya a ƙarshen wutsiya. Mynarski ne na sama. Na wutsiya sunansa Pat Brophy.

Ɗakin harbin wutsiya bai fi akurki ba. Ƙarfe ne da gilashin roba, da bindiga huɗu, mutum na zaune a dunƙule gwiwarsa kusa da ƙirjinsa, awa shida ko bakwai cikin sanyin da ke daskarar da numfashi. Saboda ƙuncin wurin, laimar saukarsa ba ta jikinsa, tana rataye a cikin jirgi bayan ƙofa. Ɗakin yana juyawa dama da hagu da ƙarfin wani mai da inji ke turawa ta cikin bututu. In an ce a yi tsalle, dole mai harbi ya juyo da ɗakin ya daidaita da jikin jirgi, ya buɗe ƙofofin da ke bayansa, ya miƙa hannu ya ɗauko laima, sannan ya nemi hanyar fita. In ɗakin ya cije a karkace, ƙofar ta fuskanci bangon ƙarfe ke nan. Akwai ɗan hannu da ake murzawa in mai ya yanke, shi ne mafita ta ƙarshe.

Alƙaluman babbar rundunar jiragen ruwan bama-bamai ta Birtaniya suna da ban tsoro. Kimanin mutum 125,000 ne suka yi aiki a cikin jiragenta tsawon yaƙin, 55,573 daga ciki suka mutu, wato kusan 44 cikin kowane 100. Sama da 10,000 daga matattun 'yan Kanada ne. Ana buƙatar kowane ayari ya yi fita 30 kafin a ba shi hutu, kuma da yawa ba su kai rabi ba. Lancaster ya yi suna wajen ɗaukar kaya da juriya, amma in ya kama faɗuwa fita daga cikinsa wuya ce, domin ƙofar tsira da ke ƙarƙashin hancinsa ƙarama ce ga mutum mai kayan sanyi da laima. Lissafin da masana rundunar suka yi a lokacin ya nuna kimanin 15 cikin 100 ne kawai ke fita da rai daga Lancaster da aka harbo.

A irin wannan zama, mutum bakwai sukan zama tamkar 'yan ɗaki ɗaya. Masu harbin biyu sun fi shaƙuwa. Brophy hafsa ne, Mynarski kuwa bai kai ba tukuna, don haka ba wuri ɗaya suke kwana ba. Brophy ya ba da labari cewa duk daren da za su rabu, yakan dafa kafaɗarsa ya tsokane shi da kiransa ɗan Ailan, alhali kowa ya san ɗan Poland ne. Shi kuma sai ya ƙame, ya sara masa, ya ce: "Sai da safe, yallaɓai." An ɗaga Mynarski zuwa hafsa ranar 11 ga Yuni, kwana ɗaya kafin fitarsu ta ƙarshe.

Fita ta goma sha uku

Daren 12 ga Yunin 1944 jirage 671 suka tashi daga Ingila zuwa Faransa. Abin da aka nufa shi ne hanyoyin sufuri, galibi tashoshin jirgin ƙasa, a Amiens da Arras da Caen da Poitiers da Cambrai, don a hana Jamus kai sojoji da tankoki fagen Normandy. Ayarin de Breyne an ba su Cambrai. Jirginsu Lancaster ne ƙirar Kanada, daga masana'antar Victory Aircraft da ke Malton a lardin Ontario, lambarsa KB726, harufan jikinsa VR-A.

Fitarsu ta 13 ce, kuma za su isa inda aka aike su bayan tsakar dare, ranar 13 ga wata. Turawa na camfa wannan lamba. Suna zaune a kan ciyawa suna jiran lokacin tashi, sai Mynarski ya tsinci wani ɗan tsiro mai ganye huɗu, irin wanda suke ɗauka alamar sa'a ce. Bai riƙe wa kansa ba, ya miƙa wa Brophy, shi kuma ya cusa a cikin hularsa.

An umarce su su saki bam daga ƙasa-ƙasa, don a samu daidaito a kuma rage kashe Faransawa. Wannan ya rage musu tazarar da mutum ke buƙata in jirgi ya lalace. A kan hanya fitilun haska sama suka kama su, de Breyne ya yi ta karkata jirgi yana nutsawa yana tasowa har suka kuɓuce. Suna cikin yin ƙasa-ƙasa ke nan sai jirgin farautar dare na Jamus, samfurin Junkers 88, ya zo musu ta baya daga ƙasa ya buɗe wuta. Injuna biyu na hagu suka mutu. Bututun mai ya fashe, wuta ta tashi a tsakanin ɗakin Mynarski da wutsiya. Brophy ya ce ya duba agogo, sha biyu da minti 13.

De Breyne ya ba da umarnin kowa ya fita. A gaba ma ba a fita cikin sauƙi ba: murfin ƙofar tsira ya bugi mai saita bam, Jack Friday, ya suma, sai da injiniya Roy Vigars ya tura shi waje yana riƙe da igiyar buɗe laimarsa. Matuƙin ya riƙe jirgin iya ƙoƙarinsa don ya ba sauran lokaci, sannan ya bi su. Rediyon cikin jirgi ya mutu, ba shi da hanyar sanin halin da ake ciki a baya.

Mynarski ya sauko daga ɗakinsa ya nufi ƙofar baya. Lafiyarsa ƙalau, laimarsa na jikinsa, ƙofa na gabansa. Taku ɗaya ya rage. Sai ya waiwaya, ta cikin harshen wuta ya hango Brophy ta gilashin ƙofar wutsiya. Ɗakin ya cije a karkace. Brophy ya gwada ɗan hannun murzawa, ya karye masa.

Ya bar ƙofa ya koma. Da rarrafe ya ratsa man da ke ci, kafin ya isa wutsiya wandonsa da laimarsa sun kama. Brophy na yi masa alama da hannu ya koma, bai kula ba. Ya ɗauko gatarin da ake ajiyewa don gobara ya shiga saran ƙofar. Ta ɗan motsa, ba ta buɗe ba. Ya yar da gatari ya kama ƙarfen da hannu yana ja. A lokacin wuta ta ci shi daga ƙugu zuwa ƙasa. Brophy na ta ihu yana cewa ya tafi, ya ceci kansa.

Da ya ga babu dabara, ya ja da baya, ya sake ratsa wutar da baya da baya, idonsa na kan abokinsa. Da ya isa ƙofa ya miƙe tsaye, kayansa na ci, ya ƙame ya sara. Brophy bai ji abin da ya faɗa ba saboda ƙarar jirgi, amma ya ce ya gane daga motsin leɓensa: kalmar da ya saba yi masa ce kowane dare. Sannan ya yi tsalle.

Mutanen da ke ƙasa sun ga saukarsa kamar fitila a sama, domin laimar da tufafin duk suna ci. Manoma Faransawa suka same shi da rai, amma ƙunar ta yi yawa. Bai daɗe ba ya cika.

Brophy ya zauna yana jiran mutuwa, da bama-baman da ba a kai ga sakinsu ba a cikin jirgin. Jirgin ya faɗi a gona kusa da ƙauyen Gaudiempré, ya daki itace, bugun ya fasa ɗakin da gatari ya kasa fasawa, ya yi jifa da shi waje. Ya farfaɗo babu wani mummunan rauni. Da ya cire hula, ɗan tsiron nan ya faɗo.

Shaida guda

Mutum shida cikin bakwai suka rayu, a jirgin da galibi ɗaya ne ke tsira. Friday da Vigars sun shiga hannun Jamusawa a matsayin fursunonin yaƙi. Sauran huɗun suka ɓuya da taimakon Faransawa masu gwagwarmayar ɓoye, waɗanda su ma ransu suka sa a kasada, domin hukuncin ɓoye sojan sama na ƙawance kisa ne ko sansanin gwale-gwale. Mutumin da ya fi kowa damar tsira a daren, wanda ya riga ya isa ƙofa da laima lafiyayya, shi kaɗai ne ya mutu.

Brophy ya koma Ingila a watan Satumban 1944. Da ayarin ya sake haɗuwa ya faɗa musu abin da ya gani, sai de Breyne ya ɗauki maganar ya rubuta wa hukumomin soja yana neman a karrama mai harbinsa. Ranar 11 ga Oktoban 1946 aka sanar da ba shi Victoria Cross, shekara biyu da wata huɗu bayan rasuwarsa. Mahaifiyarsa ce ta karɓa a Winnipeg.

Takardar lambar ta dogara ne a fili kan shaidar mai harbin wutsiya: cewa da Mynarski bai tsaya ceton abokinsa ba, da ya fita lafiya kuma da ya rayu. Mai shakka zai iya cewa shaida ɗaya ce, daga bakin aboki, wanda ke cikin firgici a daren. Na yi tunanin wannan, ban ga ya rage komai ba. Abin da aka gani daga ƙasa ya yi daidai da maganar Brophy: mutum ya sauko yana ci da wuta, alhali sauran da suka fita babu wanda ya ƙone haka. Kuma labarin ba ya ƙara wa mai ba da shi wata daraja. Brophy ya yi shekara 47 a duniya bayan wannan dare, ya rasu a 1991, yana ɗauke da sanin cewa wani ya mutu dominsa, kuma da mutumin ya yi tafiyarsa ma, shi zai rayu. Wannan ba kaya ne da mutum ke ƙirƙira wa kansa ba.

A nan ne nake ganin nauyin lamarin yake. In aka auna da sakamako, komawar Mynarski ba ta canza komai ga Brophy ba, itacen Gaudiempré ne Allah Ya sa ya zama sanadi. Amma shi a bakin ƙofa bai san da itace ba. Abin da ya sani shi ne abokinsa zai ƙone yana kallo, kuma akwai gatari. Aka ce ciwon ɗan'uwa sai ɗan'uwa, su kuwa ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, watanni kaɗan suka yi tare.

Yadda ake tuna shi

Sunansa ya bazu a Kanada. A Winnipeg akwai makaranta da sunansa, akwai mazaɓar kansila, akwai mutum-mutuminsa a wani lambun tunawa da 'yan mazan jiya. An sa wa wasu tafkuna na arewacin Manitoba sunansa. A Ottawa siffar kansa na cikin jaruman da aka kafa kusa da dandalin tunawa da yaƙi a 2006. A Ingila, tsohon sansaninsu ya zama filin jirgin sama na Teesside, kuma a 2005, bayan wata jaridar yankin ta jagoranci neman gudummawa, aka kafa mutum-mutumin tagulla a wurin: yana tsaye, yana sarawa.

Abin tunawa mafi rai shi ne jirgi. Cikin Lancaster 7,377 da aka ƙera, biyu kacal ke iya tashi a yau. Ɗaya na hannun sojan saman Birtaniya a Coningsby. Ɗayan na gidan tarihin jiragen yaƙi da ke Hamilton a Ontario, wanda masu aikin sa-kai suka yi shekaru suna gyarawa har ya sake tashi a 1988. Ba shi ne KB726 ba, wancan ya ƙare a gonar Faransa, amma an yi masa fenti da lambarsa da harufan VR-A, ana kiransa da sunan Mynarski. A 2014 ya ƙetare Tekun Atlantika zuwa Ingila, jiragen biyu suka yi shawagi tare, har ya ziyarci Teesside inda ayarin de Breyne suka yi tashinsu na ƙarshe.

Abin da ke cikin jirgin

Ba zan rufe ido ga kayan da jirgin ya ɗauko ba. Bama-bamai ne, kuma ƙarƙashin tashar Cambrai da kewayenta mutane ne ke barci. Sauran jiragen sun isa, sun samu tashar, amma bama-bamai da yawa sun faɗa cikin gari. Firaministan Birtaniya, Churchill, da kansa ya yi jayayya da wannan shiri na rusa hanyoyin jirgin ƙasa saboda tsoron yawan Faransawan da za su mutu, sai da Eisenhower, babban kwamandan sojojin ƙawance, ya dage, shugaban Amurka Roosevelt ya mara masa baya. Tsawon yaƙin, Faransawa fararen hula fiye da 50,000 ne suka mutu a ruwan bama-baman waɗanda suka zo 'yantar da su. A Jamus abin ya fi haka nesa: Hamburg a Yulin 1943, Dresden a Fabrairun 1945, birane sun ƙone da mutanen cikinsu.

Shi ya sa tunawa da waɗannan samari ta zo da wahala. A jawabinsa na nasara a Mayun 1945 Churchill ya yaba wa rundunoni iri-iri, ya tsallake tasu. Sai a 2012 aka buɗe musu wurin tunawa a Green Park da ke Landan, shekara 67 bayan yaƙi, lokacin da yawancin waɗanda suka tsira sun kwanta dama. A Kanada ma an yi rigima a 2007, da gidan tarihin yaƙi na Ottawa ya rubuta a wani allo cewa amfanin wannan ruwan bama-bamai da halaccinsa abin jayayya ne har yau. Tsofaffin sojoji suka ji an mayar da su masu laifi, magana ta kai majalisar dattawa, aka sauya rubutun.

Ni a ganina allon bai yi ƙarya ba, kuma tsofaffin ba su yi laifin jin zafi ba. Waɗanda suka zaɓi a ƙone birane manya ne a ofisoshi, su ya kamata tarihi ya titsiye. Mai yankan fata daga North End ba shi ya zana taswira ba. Amma akwai wani abu da nake lura da shi: labarin Mynarski ya yi wa ƙasarsa sauƙin ɗauka ne domin labarin ceto ne, jirginsa bai ma isa Cambrai ba, bai saki bam ko ɗaya a daren ba. Ana iya koya wa yaran makaranta shi ba tare da an taɓo garin da ke ƙasa ba. Wannan bai rage masa komai ba, sai dai wanda ke tuna shi da gaskiya ya kamata ya tuna har da waɗanda aka tono daga ɓaraguzai da safiyar 13 ga Yuni.

Jirage 23 ne ba su koma gida ba daga hare-haren wannan dare, 17 samfurin Halifax, 6 Lancaster, dukkansu daga rukuni na 4 da na 6. Kowanne na ɗauke da mutum bakwai ko fiye. A cikin wasunsu babu wanda ya fita, don haka babu mai faɗin wanda ya riƙe sitiyari har ƙasa don wasu su tsira, ko wanda ya koma ya jawo mai rauni, ko wanda ya daskare don tsoro. Iyayensu telegiram suka samu cewa ɗansu ya ɓace, bayan watanni wata takarda ta biyo cewa an ɗauka ya mutu. A garin Nanton na lardin Alberta akwai bangon baƙin dutse a gaban gidan tarihin rundunar jiragen ruwan bama-bamai, an sassaƙa sunayen 'yan Kanada sama da 10,000 da suka mutu a cikinta. Mai neman Mynarski sai ya bi layin harafin M da yatsa kafin ya same shi.